Yoyon Baƙin Mai a Tsohuwar Mota: Tambayoyi da Amsoshi

Motocin da yawancinmu ke hawa ba sababbi ba ne. Golf, Sharan, Corolla, Camry, Accord, Peugeot 406, akasarinsu sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su iso mu ta Kwatano ko Legas, sannan suka haɗu da zafinmu da ƙurarmu da ramukan titunanmu. Robobin da ke tare mai a cikin inji suna tsufa, su bushe, su fara saki, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ke cinye wa mutane kuɗi shi ne gyaran da ake yi tun ba a ga ainihin wurin da man ke fitowa ba. Ga tambayoyin da masu mota da direbobi suka fi yi.

Na tarar da ɗigon mai a inda motata ke kwana. Ta yaya zan san ko baƙin mai ne?

Ka samu kwali mai faɗi, mai haske, ka shimfiɗa a ƙarƙashin gaban motar da daddare bayan ka dawo, inji na da sauran zafinsa. Ka yi wa kwalin alama ta inda gaban motar yake. Da safe ka jawo shi, ka ga inda ɗigon ya sauka, ka taɓa da yatsa, ka sunsuna.

Baƙin mai launinsa daga ruwan ƙasa ne zuwa baƙi, da santsi da ɗan ƙauri. A injin dizal kuwa baƙi ƙirin ne ko da jiya aka yi juye. Man giyabos na mota mai otomatik ja ne, in ya tsufa ya yi duhu, kuma bai kai baƙin mai kauri ba. Man giya na mota mai kuloci yawanci yana da wari mai ƙarfi irin na farar wuta. Man sitiyari ja ne ko ruwan zuma, kuma tiyonsa na yawan yoyo a tsofaffin motoci har a ɗora wa inji laifi. Ruwa garau da ke ɗiga bayan an kunna esi ba komai ba ne. Amma in ka ga mai mara kauri, mai haske, a cikin taya ko a ƙasan tukunyar man birki, to man birki ne, kuma motar ba ta hawa titi sai an gyara.

Sai ka tabbatar da geji, wato sandar auna mai da ke jikin inji. Mota a shimfiɗaɗɗen wuri, inji a kashe kamar minti goma, ka zaro, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. A ƙananan motoci da yawa, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce.

Bakanike ya leƙa ƙarƙashi ya ce gasket na kwanon ƙasan inji ne. In ba shi aikin?

Ka dakata tukuna. Kwanon ƙasan inji shi ne ƙarshen gangara, duk man da ya fito daga ko ina a jikin inji can yake taruwa kafin ya ɗiga. Kamar rufin kwano ne da damina: inda ruwa ke ɗiga a tsakar ɗaki ba lallai ne nan hujin yake ba, ruwan ya biyo katako ne daga wani wuri. Ga kuma iskar gudu da ta fanka, tana tura man baya tana shafe shi a jikin giyabos da salansa. Shi ya sa wanda ya leƙa daga ƙasa kawai, abu biyu yake gani kullum: kwano, ko sil na bayan inji, wato zoben robar da ke tare mai a mahaɗar inji da giyabos. Su biyun kuma aiki ne mai cin kuɗi, musamman na biyun.

Ba ina cewa bakaniken naka mayaudari ba ne. Sau da yawa gaggawa ce, motoci sun yi layi a gareji, mai mota kuma yana tsaye a kansa yana son amsa nan take. Ka ce masa, "Maigida, mu wanke mu gani tukuna." Bakaniken da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan magana, don shi ma ba ya son mota ta dawo masa bayan mako guda da ɗigon da ya karɓi kuɗin gyarawa.

Ƙa'idar ita ce: wuri mafi tsawo, mafi kusa da gaba, da ka samu jiƙe da sabon mai, daga nan yoyon ya taso. Duk abin da ke ƙasansa shafa ce ta same shi.

To yaya ake bin sawun yoyon har a kama shi?

Da wanki ake farawa. Injin da ya shekara yana tara mai da ƙurar hunturu ya yi ɓawo, ba a gane komai a jikinsa. A wanke shi sama da ƙasa, har bayan inji ta gefen da ke fuskantar cikin mota, inda hannu ba ya son zuwa. In akwai robar kariya a ƙasa a cire ta, don tana riƙe mai ta ɗiga shi a wani wuri daban. A bar shi ya bushe sarai.

Sannan a tayar da inji a bar shi yana aiki a tsaye kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin, a riƙa haskawa da tocila. Yoyon da ƙarfin famfon mai ke turowa, kamar na filta ko na suwic ɗin mai, nan take yake nuna kansa, wani lokaci sai an ɗan ba da wuta. In ba a ga komai ba, a yi ɗan zagaye gajere a dawo a duba. Gajere nake nufi, don in ka yi doguwar tafiya iska ta sake shafe ko ina, aikin ya koma farko. Ana iya maimaita wannan sau da yawa kafin ƙaramin yoyo ya bayyana.

Dabarar da ta fi araha ita ce hoda. Bayan inji ya bushe kuma ya huce, a barbaɗa farar hoda a wuraren da ake zargi. Mai na fitowa zai ja baƙin layi a cikin farin, ka bi layin zuwa sama har inda ya fara. Ƙaramin madubi da kyamarar waya suna kai ido inda kai ba ya shiga. Wasu garejojin suna da wani rini da ake zubawa a cikin baƙin mai, a yi yawo da motar, sannan a haska da fitila ta musamman, man ya yi ƙyalli tun daga tushensa. In akwai shi yana sauƙaƙa aiki, in babu, hoda ta isa.

A kula da hannu, da hannun riga, da bakin babbar riga ko mayafi kusa da fanka da bel idan inji na aiki. Fankar lantarki tana iya tashi da kanta ba sanarwa.

Wanke inji ba zai jawo mini matsalar wuta ba?

Zai iya, in aka yi shi da garaje. Kada a watsa wa inji mai zafi ruwan sanyi. A rufe altaneta, distiributa, kwayil da akwatin fis da leda, kuma kada mai wanki ya ɗora bakin tiyo mai ƙarfi a kan soket ɗin wayoyi. Buroshi da sabulun cire maiƙo sun fi ƙarfin ruwa amfani. Fetur kuwa a bar shi: tururinsa na kamawa da ƙaramin tartsatsi, kuma yana busar da robobi.

Waɗanne wurare ne suka fi yin yoyo?

Na farko, kuma da nisa, gasket na murfin saman inji. Yana zaune a wuri mai zafi, da shekaru sai ya ƙandare har in an cire shi ya karye a hannu. Alamarsa mai a gefen inji tun daga sama, da ƙauri idan man ya sauka a kan bututun hayaƙi. A injunan da fulogi ke shiga ta tsakiyar murfin, akwai ƙananan robobi da ke zagaye ramin kowane fulogi. In sun saki, mai ya cika ramin, ya jiƙa kwayil ko wayar fulogi, mota ta fara ƙyarma kana neman laifin a wani wuri. Ka kula a nan: gasket na murfi daban, tof gasket daban. Na farko aikin awa ɗaya ko biyu ne, na biyu sai an sauke kan inji. Kafin ka amince da farashi, ka sa a nuna maka wanne ake nufi.

Sai suwic ɗin mai, ɗan ƙaramin abin da ke kunna fitilar mai a dashbod. Idan jikinsa ya tsage, mai na fitowa ta wurin soket ɗinsa, kuma da yake yana kan layin da man ke da ƙarfi, yana iya zubar da mai da yawa. Kuɗinsa kaɗan ne, amma da yake sau da yawa yana bayan inji, man nasa na gangarawa wajen giyabos a ce sil na baya ne. Mutane da dama sun biya kuɗin sauke giyabos saboda wannan ɗan abu.

Akwai filta da mazauninta, akwai notin juye da washarsa. A tsofaffin injuna masu distiributa, akwai zoben roba a inda take shiga kan inji, yana yoyo ya gangara ta kan giyabos. A gaban inji, wato gefen da bel yake, akwai sil na kamshaf, da na karanshaf, da na famfon mai. In mai na fitowa daga ƙasan murfin taimin bel, ɗayansu ne. Daga ƙarshe sai gasket na kwano, da sil na bayan karanshaf, wanda ke ɗiga daidai mahaɗar inji da giyabos. Waɗannan biyun ba a yanke musu hukunci sai an tabbatar duk abin da ke samansu a bushe yake.

Akwai motocin da aka san su da wani yoyo na musamman?

Akwai, kuma sanin hakan yana rage lalube. Camry mai injin 2.2, irin na 1992 zuwa 2001, an san ta da yoyo daga robar famfon mai da sil ɗinsa, a bayan murfin taimin bel. Corolla mai injin 1.8 na 1ZZ takan yi yoyo daga zoben robar abin da ke ɗame taimin cen, a bayan inji. Accord mai silinda huɗu ta 1994 zuwa 1997 tana da wani sil a gaban inji, na sandar da ke rage girgiza, wanda kan fice gaba ɗaya ya zubar da mai cikin ɗan lokaci, har Honda ta fitar da wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa ya riƙe shi. Duk mai irin wannan mota ya sa a duba ko an saka masa lokacin canjin bel. Hondoji masu VTEC, tsarin da ke sauya buɗewar bawul da ƙarfin mai, su kuma sukan yi yoyo daga robar suwic ɗin VTEC ɗin. A Golf 3 masu abin sanyaya mai a saman filta, zoben robar da ke tsakani yakan bushe ya saki. Mercedes W124 mai silinda shida takan yi naso a saman murfin gaba da kusurwar tof gasket.

Wannan wurin fara dubawa ne kawai. Motarka tana iya zama Camry 2.2 amma yoyonta daga murfin sama yake.

An canja mini sil sau biyu, yoyon yana dawowa. Me ke faruwa?

Wannan tambaya ce mai muhimmanci, don a nan ne ake gyara alama a bar ciwo. Kowane inji, idan yana aiki, akwai ɗan hayaƙin da ke kuɓucewa ta gefen ringin fistin ya shiga cikin ɗakin mai. Kamfani ya yi masa hanyar fita: wani ɗan bawul da tiyo, yawanci a kan murfin saman inji, da ke mayar da hayaƙin cikin manifol ya ƙone. Ana kiran bawul ɗin PCV. Idan dattin mai ya toshe shi, ko tiyon ya lanƙwashe, ko wani ya toshe shi da kusa don ya ga yana fitar da hayaƙi, iska ta taru a cikin inji ba ta da mafita. Sai ta tura mai ta duk inda ya fi rauni. Ka canja sil na gaba, ta koma na baya. Ka canja na baya, geji ya fara ɗagowa da kansa. Idan inji na yoyo ta wurare uku ko huɗu lokaci guda, wannan bawul ne abin dubawa na farko, kuma yana cikin kaya mafi araha a jikin mota. Irin na da, in ka cire ka girgiza ka ji yana ƙara, alama ce bai maƙale ba.

In hanyar numfashin a buɗe take amma da ka buɗe murfin zuba mai sai hayaƙi ya riƙa bugowa da ƙarfi, to ringi sun gaji. A nan sabon sil zai ɗan riƙe ne kawai, maganar ta koma ta buɗe inji.

Sauran dalilan: tsohon sil ya ci rami a jikin ƙarfen da yake zagaye, sabon ya zauna a ramin bai kama ba. Maganinsa a zaunar da sabon ɗan gaba ko baya kaɗan, ko a sa wa ƙarfen siririn zoben ƙarfe da ake yi don haka. Ko an buga sil ɗin a karkace da guduma da sukundireba. Ko an saka shi a bushe ba a shafa wa leɓensa mai ba, ya ƙone a tashin farko. Ko kuwa sil ɗin kansa jabu ne.

Bakanikena yana shafa gam a ko ina. Ba ƙarin kariya ba ne?

A'a, kuma wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai. Akwai wuraren da kamfani ya tsara da gam kaɗai, kamar kwanon ƙasa na Toyota da yawa, akwai kuma wuraren da aka tsara da gasket na roba. Gasket na roba a bushe ake sa shi, sai ɗan ɗigon gam a kusurwoyin da ƙarfe biyu suka haɗu. In aka lafta masa gam sama da ƙasa, santsi yake yi ya zame daga mazauninsa.

Mafi muni shi ne rarar gam. Abin da ka ga ya bulbulo waje bayan an ɗaure, kwatankwacinsa ya bulbulo ciki. Da zafi sai ya ɓalle, ya faɗa kwano, ya toshe rariyar da famfo ke tsotso mai ta cikinta. Mota ta shigo da ɗan ɗigo, ta fita da injin da ba ya samun mai yadda ya kamata. Inda gam ya wajaba, a kankare tsohon tas, a goge maiƙo har ƙarfen ya bushe, a ja siririn layi guda ba yankewa, a ɗaure cikin mintuna kaɗan, sannan a jira ya kama kamar yadda aka rubuta a jikin kwalinsa kafin a zuba mai.

Mai yana raguwa amma ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa.

To inji ne ke shan sa, ko yana shiga inda bai kamata ba. Ka sa wani ya tsaya a bayan motar. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da safe a tashin farko, ko bayan doguwar tsayawa a cunkoso, yawanci robobin bawul ne. Shuɗin hayaƙi idan an taka wuta, ringi ne. Camry mai injin 2.4 ta 2007 zuwa 2009 ta yi suna da shan mai ta wannan hanya. Ka kuma duba ruwan lagireto idan inji ya huce, da ƙasan murfin zuba mai: in mai da ruwa sun gauraye sun yi kauri launin shayi da madara, tof gasket ne ko abin sanyaya mai. Wani yoyon kuma sai mota na gudu yake fita, iska ta kwashe shi. Ka duba ƙarƙashin motar har baya, za ka ga ya yi danshi.

Zan iya ci gaba da hawa ina yi mata ciko?

Ya danganta da yawansa da kuma inda yake sauka. Gumi kawai, wanda ke kama ƙura amma ba ya ɗiga, ana iya zama da shi har lokacin wani aiki ya zo, muddin kana duba geji kowane mako da kuma kafin kowace tafiya. Amma akwai wurare huɗu da ba a jinkiri. In mai na sauka a kan bututun hayaƙi, gobara ce ke jira. In yana jiƙa taimin bel, robar na laushi, haƙoranta su zube, kuma a injuna irin na Peugeot 406 da Accord na kafin 2003, bel na tsinkewa fistin ya bugi bawul. In ya kai ga kuloci, zai fara zamewa. In yana zuba a kan altaneta, zai kashe ta. Ban da haka mai yana cin robobin da inji ke zaune a kai da tiyon ruwa.

Direbobin haya masu zuwa Legas ko Fatakwal da galan a but suna ciko a hanya su tuna cewa ƙaramin inji lita huɗu ko kusa da haka yake ɗauka gaba ɗaya. Sil ɗin da ke ɗiga a cikin gari yana iya ɓallewa a kan babbar hanya, kuma a wannan gudun lita huɗu ba ta daɗewa.

Fitilar mai ta kama ina cikin tafiya. In lallaɓa zuwa gari na gaba?

Kada ka lallaɓa. Ka sauka gefen titi ka kashe inji nan take. Wannan fitila tana nufin ƙarfin mai ya faɗi, kuma injin da ba ya samun mai cikin ɗan lokaci yake bugawa. Ka duba geji. In mai ya yi ƙasa, ka cika, ka tayar, ka leƙa ƙasa ko yana zuba. In fitilar ta mutu kuma ba ya kwarara, ka tafi a hankali zuwa gareji mafi kusa. In mai a cike yake amma fitilar ba ta mutu ba, a ja motar.

An ce in koma mai mai kauri, ko in zuba maganin toshe yoyo.

Mai mai kauri irin 20W-50 yana rage gudun ɗigo, ba ya gyara robar da ta mutu. Tsofaffin injuna irin na Peugeot 504 da 505 suna zaune lafiya da shi a zafinmu. Amma injunan da aka tsara da 5W-30, masu VTEC ko takwaransa na Toyota, VVT-i, suna da ƙananan hanyoyin mai da kauri ke wahalarwa, musamman a tashin safe. Ka bi abin da ke rubuce a littafin motar ko a murfin zuba mai. Maganin toshe yoyo kuma kumbura roba yake yi. Yana iya ɗan taimaka wa sil ɗin da ya bushe, amma ba ya ɗinke wanda ya yage ko kwanon da ya tsage. Ni ban ba da shawararsa ba sai ga motar da ake jiran ranar buɗe injinta. Haka kuma cika mai ya wuce alamar sama yana jawo yoyo da kansa.

Hajiya ce ke tambaya: motarta ba ta fara yoyo ba sai bayan da aka yi mata juye.

Hajiya, ki mayar da ita inda aka yi juyen, yau ba gobe ba. Abu uku ake dubawa. Ko robar tsohuwar filta ta manne a jikin inji aka ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu kuwa ba sa riƙe mai, suna iya fashewa a hanya. Ko notin juye ne, an mayar da tsohuwar washa, ko an ɗaure shi da ƙarfin tsiya har zaren ya lalace. Ko kuma man da ya zube a jikin inji lokacin zubawa ne yake gangarowa, wanda goge shi ya wadatar. Filta da hannu ake ɗaure ta: a shafa wa robarta mai, in ta taɓa mazauni a ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye. Zaren da ya lalace kuma gyaransa ake yi da sabon zare ko a canja kwano. Naɗa masa zaren famfo ko leda ba gyara ba ne.

Kwanon ya bugi dutse ya tsage. Gam mai ƙarfi zai riƙe?

Zai iya kai ka gida, in an tsiyaye man an goge wurin ya bushe kafin a shafa. Bayan nan a cire kwanon a yi masa walda a waje ko a canja shi, ba a yin walda yana jikin mota da mai a ciki. In kwanon ƙarfe ne ya lotsa bai tsage ba, a duba shi duk da haka, don lotsawar na iya matse bakin rariyar famfo.

Wane gyara zan iya yi da kaina?

Suwic ɗin mai, bawul ɗin numfashi, washar notin juye, da gasket na murfin sama a injin silinda huɗu, duk mai haƙuri da 'yan sifanu zai iya. A aikin murfi, inji ya huce tukuna. Ka ɗauki hoton yadda wayoyi da tiyo suke kafin ka cire komai. Ka goge datti a gefen murfin kada ya faɗa ciki. In murfin ya manne, ka ɗan bubbuga shi da hannu ko gudumar roba, kada ka cusa sukundireba ka ƙwarzane ƙarfen. Ka tsabtace mazaunin, ka canja har da robobin ramin fulogi da na kan notuna. Wurin ɗaurewa a nan mutane ke ɓata aiki: notunan ƙanana ne, a injuna da yawa wajen Nm 10 kawai kamfani ya ƙayyade, wato ɗaurin wuyan hannu. Daga tsakiya ake farawa a fita gefe, ana tsallakawa, zagaye biyu ko uku. Ƙarin ƙarfi ba ya tsayar da yoyo, sai dai ya karya noti ko ya tsaga murfi.

Duk aikin da ya shafi taimin bel ko sauke giyabos, a bar wa masu shi. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa ƙafafun ƙarfe a kan ƙasa mai tauri, a tokare tayoyi, ko a je inda akwai rami.

An tabbatar sil na baya ne. Me ya sa kuɗin aiki ya ninka kuɗin kayan?

Don sai an raba giyabos da inji, an cire filawil, kafin a kai gare shi. Tunda za a buɗe, a yi komai lokaci guda: a duba faifan kuloci a canja in ya jiƙe ko ya cinye, a duba sil na giyabos ɗin ma, don shi ma a wuri ɗaya yake ɗiga. Haka a gaban inji: duk ranar canjin taimin bel, a canja sil na kamshaf da na karanshaf tare, kuma bel ɗin da ya sha mai ba a mayar da shi ko da sabo ne.

A ina zan sayi kayan, kuma na Beljiyam ya yi?

Kwano, murfi ko mazaunin filta na Beljiyam ba laifi, ƙarfe ne. Amma roba ba a sayen ta hannu, don ta riga ta sha zafin wani injin. A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo a Abuja, za ka tarar da sil iri ɗaya a farashi hawa-hawa, kuma a nan araha ba ta ado, tunda kuɗin aikin sakawa ɗaya ne. Ka je da lambar inji ko tsohon sil ɗin, akwai lambobin girmansa a jikinsa. Ka duba leɓensa ya zama sumul, da ɗan sifirin ɗinsa a ciki. Ka kuma nemi a ba ka tsofaffin kayan da aka cire.

Bayan gyara, ta yaya zan tabbatar ya tsaya? Kuma tsohon man fa?

A sake wanke injin bayan an gama, in ba haka ba tsohon man da ya maƙale a lunguna zai ci gaba da ɗiga na kwanaki ka ɗauka gyaran bai yi ba. Ƙaurin da ke tashi daga salansa a ranar farko ma saura ne ke ƙonewa. Ka shimfiɗa sabon kwali, ka rubuta inda geji yake da lambar kilomita, ka sake dubawa bayan mako guda a wuri ɗaya, inji a huce. In wani ɗigo ya bayyana a sabon wuri, mai yiwuwa yoyo biyu ne tun asali, babban ya ɓoye ƙaramin, sai a sake bin sawu daga sama.

Tsohon mai a tara shi a galan mai murfi a kai wa masu juye, akwai masu saye. Kada a zuba shi a kwata ko a ƙasa kusa da rijiya, don yana bin ƙasa ya gurɓata ruwan sha, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.